Buga Littattafan Addini Don Tallafa wa Marayu da Mabukata: Yaya Ake Yi Ya Ɗore?

Wani bawan Allah, sakataren wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin karatun marayu da jinyar marasa ƙarfi, ya aiko da tambaya. Ya ce sun gaji da bin masu hali suna neman gudummawa duk shekara, kuma ɗaya daga cikin malamansu ya rubuta littafi a kan tarbiyyar yara ya ce ya ba ƙungiya kyauta. Shawarar da suka yanke ita ce su ɗebi wani abu daga asusun ƙungiya su buga littafin, su sayar, ribar ta koma ga marayu, in abin ya karɓu kuma su mai da ɗab'i sana'ar da za ta riƙa ciyar da ayyukansu. Yana so ya san ko hakan ya halatta, ko hanya ce mai ɓullewa, da kuma yadda ya kamata a tsara ta.

Malam, Allah ya saka muku da alheri a kan hidimar da kuke yi. Amsar a taƙaice ita ce abin ya halatta, kuma yana yiwuwa, amma ribar littafi ƙarama ce, tana kuma zuwa a makare, saboda haka tsarin da kuka zayyana yana bukatar gyara a wurare uku: inda jarin zai fito, wanda zai mallaki haƙƙin littafin, da kuma alkawarin da za ku rubuta wa mai saye. Kafin a kai ga waɗannan akwai wata tambaya da ya wajaba kwamitinku ya zauna ya amsa wa kansa, domin yawancin ƙungiyoyin da suka shiga wannan harka suka fita da asara a nan suka yi tuntuɓe.

Tambayar ita ce: littafin ne sadakar, ko kuwa kuɗin da littafin zai kawo? Duka biyun aikin lada ne, amma kowanne da hanyarsa, kuma hanyoyin suna cin karo da juna. Wanda yake son littafi ya kai hannun kowa zai karya farashi, ya raba kyauta, ya yi murna idan wani ya kwafa ya yaɗa. Wanda yake son littafi ya ciyar da maraya dole ya tsayar da farashin da zai bar riba, ya ƙi bayar da bashin da ba zai dawo ba, ya kuma kare haƙƙinsa daga masu satar bugu. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Ƙungiyar da ba ta zaɓi ɗaya ba za ta wayi gari ta raba rabin kwafin kyauta ga manyan baƙi da 'yan kwamiti, ta ba da sauran bashi, sannan ta rasa abin da za ta ce wa waɗanda aka yi wa alkawarin riba.

Idan aka dubi manyan cibiyoyin ɗab'in addini na duniya, za a ga cewa mafi yawansu suna cikin rukunin farko ne, wato kuɗi ne ke shiga, littafi ya fita. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga miliyoyin kwafi a kowace shekara tare da fassarar ma'anoni a harsuna da dama har da Hausa, kuma gwamnatin Saudiyya ce ke ɗauke da nauyinta, shi ya sa ake iya miƙa wa alhazai kyauta idan za su koma gida. Ƙungiyar Gideons, wadda aka kafa a Amurka a 1899 ta fara ajiye Littafi Mai Tsarki a ɗakunan otal a 1908, ta raba fiye da kwafi biliyan biyu, duk da kuɗin gudummawar mabiya. A Jafan, attajirin da ya kafa kamfanin kayan awo na Mitutoyo, Yehan Numata, ya kafa wata gidauniya a 1965 domin buga koyarwar addinin Buda da rarraba ta, a nan ma kasuwanci ne ke ciyar da ɗab'i. A Indiya kuwa, maɗaba'ar Gita Press da ke Gorakhpur tun 1923 take sayar da littattafan addinin Hindu da araha matuƙa, ba ta sa talla a cikinsu, ba ta kuma neman gudummawa, har ma da aka ba ta lambar yabo ta zaman lafiya ta Gandhi ta shekarar 2021 ta karɓi shaidar yabon ta ƙi karɓar kuɗin. Ita burinta littafi ya riƙe kansa ne kawai, bai wuce nan ba.

Rukuni na biyu, wanda ku kuke son shiga, ya fi ƙaranci kuma ya fi haɗari. Misalin da ya daɗe shi ne jaridar War Cry ta ƙungiyar jinƙai ta Kirista mai suna Salvation Army, wadda ta fara fitowa a Landan a 1879, kuma 'yan ƙungiyar ne da kansu suke bin tituna da wuraren taruwar jama'a suna sayar da ita, abin da aka samu ya shiga ayyukan ƙungiyar. Sirrin ɗorewarta shi ne babu ɗan tsakiya: mai sayarwa ɗan sa-kai ne, mai saye kuma yana ganin wanda yake ba kuɗinsa. Misalin da ya kamata ya sa ku yi hattara shi ne na Family Christian Stores, jerin kantunan littattafan Kirista mafi girma a Amurka a zamaninsa. An mai da shi kamfanin da ba na neman riba ba, aka yi shelar cewa duk ribarsa za ta tafi ga ayyukan taimakon marayu da matan da mazansu suka rasu. A 2015 ya nemi kariyar kotu saboda bashi ya yi masa katutu, a 2017 kuma ya rufe dukkan kantunansa 240, ma'aikata fiye da 3,000 suka rasa aiki. Niyyar ba ta da aibu, amma alkawarin "duk riba" ba ya haifar da komai idan babu ribar, kuma kasuwa ba ta rangwanta wa kowa don niyyarsa kyakkyawa ce.

Bari mu yi lissafin da ya kamata a yi kafin a kai rubutu maɗaba'a. Alƙaluman nan misali ne kawai domin a ga yadda abin yake tafiya, ku sa naku na gaskiya a gurbinsu. A ce farashin da aka rubuta a bangon littafi 100 ne. Mai kanti a al'adar wannan kasuwa yana ɗaukar wajen kashi 40 cikin ɗari, wani lokaci ma fiye, dillalin da ke rarraba wa kantuna ya ɗauki 10, sai 50 ta iso hannunku. Idan marubuci yana da kaso, a ce 10 a kowane kwafi da aka sayar, saura 40. To, kafin a sayar da ko kwafi ɗaya kun riga kun biya kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin shiri, wato tace rubutu, duba ayoyi da hadisai, tsara shafuka, zanen bango da rajistar lambar littafi ta ISBN, a ce 10,000, wanda ba ya canzawa ko kwafi nawa za a buga. Akwai kuma kuɗin bugu, a ce 20 a kowane kwafi, wato 20,000 a kwafi 1,000. Kun kashe 30,000 ke nan. Da 40 a kowane kwafi, sai kun sayar da 750 kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma idan kwafi dubun nan suka ƙare ƙaf, ribar 10,000 ce, wato 10 a kowane littafi na 100. Idan kuwa 600 kaɗai aka sayar, kun faɗi da 6,000 daga kuɗin da a da na marayu ne.

Wannan lissafi yana nuna inda ribar take ɓoye. Idan malaminku ya yafe kasonsa, kamar yadda ya yi, uwar kuɗi za ta dawo a kwafi 600, ribar kuma ta ninka. Idan 'yan ƙungiya ne suka sayar hannu da hannu, a wuraren karatu da makarantu da tarurruka, ba tare da kanti da dillali ba, kwafi 300 sun isa su mayar da jari. Sannan a bugu na biyu babu kuɗin shiri, don haka ribar kowane kwafi tana ƙaruwa. Abin da masu sana'ar nan suka sani, wanda sabon shiga bai sani ba, shi ne mawallafi ba ya rayuwa da sabon littafi. Tsofaffin littattafan da ake sake bugawa shekara bayan shekara, waɗanda suka riga suka biya kuɗin shirinsu tuntuni, su ne ke riƙe da shi. Ƙungiyar da ke da littafi guda ɗaya ba ta kai ga zama mawallafiya ba tukuna, gwaji take yi.

Akwai wani tarko da kusan kowa yake faɗawa a karon farko. Mai maɗaba'a zai gaya muku, kuma gaskiya ya faɗa, cewa a injin babban bugu kuɗin faranti da saita inji ɗaya ne ko kwafi nawa aka buga, saboda haka idan kuka buga 5,000 maimakon 1,000 kuɗin kowane kwafi zai sauko sosai. Kwamiti sai ya ga araha ya amince. Bayan shekara guda sai ka shiga sito ka tarar da kwalaye jere har rufi, na ƙasa sun sha danshi shafukansu sun manne, gara ta fara cin gefen wasu, bangon na sama ya koɗe saboda rana, ga shi kuma an gano kuskure a shafi na arba'in wanda ba damar gyarawa sai an ƙarar da waɗannan. Littafin da ya yi kwantai kuɗi ne aka ɗaure a takarda, kuma kullum darajarsa raguwa take yi. Kwafin da ya fi kowanne tsada shi ne wanda aka buga da araha ba a sayar ba. A yau akwai injinan da ke buga kwafi ɗari biyu ko ɗari uku, har ma da tsarin da ba a buga littafi sai mai saye ya biya, irin wanda Amazon da wasu kamfanoni ke yi. Kuɗin kowane kwafi ya fi yawa, amma shi ne hanyar da ta dace a gwada kasuwa da ita kafin a zuba jari mai nauyi.

Haka nan ku lura da bashin kantuna. Da yawa ba sa sayen littafi kai tsaye, sai dai su karɓa a kan in an sayar su biya, in ba a sayar ba su dawo da shi, wani lokaci bayan watanni, ya yi datti ya lanƙwashe. Mai maɗaba'a kuwa yana son kuɗinsa kafin ya saki kaya. Tsakanin ranar da kuka biya da ranar da aka biya ku, wa zai biya kuɗin makarantar yaran?

Wannan ya kawo mu ga gyara na farko. Ban goyi bayan a ɗebi jarin bugu daga asusun marayu ba, ko da da niyyar mayarwa. Wanda ya ba da kuɗi don a biya wa maraya makaranta bai ba da izinin a yi kasuwanci da su ba, kuma ku amintattu ne a kan sharaɗin da ya gindaya. Idan kuma a cikin asusun akwai zakka, lamarin ya fi tsanani, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunai takwas da ake ba zakka, kuma jinkirta kason fakiri da miskini a sa shi cikin cinikin da zai iya faɗuwa abu ne da malamai da dama ba su yarda da shi ba, waɗanda suka yarda ma sun gindaya sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da cewa babu mabukacin da ke jira a lokacin. Akwai malaman zamani da suka faɗaɗa ma'anar "fi sabilillahi" ta haɗa da ayyukan da'awa, buga littattafai a ciki, amma wannan magana ce a kan littafin da za a raba don yaɗa ilimi, ba a kan jarin kasuwanci ba. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a buɗe asusu na dabam, a nemi mutane kaɗan su ba da jarin ɗab'i suna sane da cewa na ɗab'i ne kuma yana iya faɗuwa, ko su ba da rance marar ruwa, ko kuma a karɓi kuɗin masu saye tun kafin bugu, musamman makarantun da za su ɗauki kwafi da yawa. Makaranta biyu ko uku da suka sa littafin a manhajarsu sun fi muku taron ƙaddamarwa mai cike da manyan baƙi, domin taro sau ɗaya ake yi, makaranta kuwa duk shekara tana da sababbin ɗalibai.

Game da halaccin sayar da littafin addini, ba wani abin damuwa. Malamai na farko sun yi saɓani a kan sayar da Mus'hafi kansa, wasu sun ƙi don girmamawa, amma abin da mafi yawa suka tafi a kai, kuma aka yi ta aiki da shi, shi ne kuɗin na takarda ne da tawada da wahalar mai rubutu. Littattafan ilimi kuwa tun zamanin masu kwafa da hannu ake cinikinsu. A hadisin da Buhari ya ruwaito ma an ce mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah.

Gyara na biyu shi ne wanda na fi so ku ba muhimmanci, domin shi ne zai bambanta taimakon shekara ɗaya da sadaka mai gudana. Malaminku ya ce ya ba ku littafi kyauta. Me ya ba ku? Izinin bugu ɗaya ne, ko haƙƙin mallakar littafin gaba ɗaya? Har da fassara zuwa wasu harsuna, da karanta shi a murya, da sayar da shi ta intanet? Yana da ikon gyara shi nan gaba, ko ya hana a taɓa ko da kalma ɗaya? Idan ya rasu, Allah ya ja kwanansa, magadansa sun san da wannan kyauta? Haƙƙin mallaka dukiya ce da ake gado. A ƙarƙashin yarjejeniyar Berne, wadda ta faro a 1886 kuma yawancin ƙasashen duniya suka sa mata hannu, yana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da yawa ma sun mai da shi 70. Shari'a ma ta san da shi: Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su na da ikon yin tasarrufi da su, kuma bai halatta a keta su ba. A zamanta na Sharja a 2009 ta ƙara da cewa ana iya yin waƙafi da irin waɗannan haƙƙoƙi.

To a nan ne hanyar take. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai aka ce masa in ya so ya tsare asalin ya yi sadaka da amfaninta, kuma aka sharɗanta cewa ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta. A harkar ɗab'i, asalin shi ne haƙƙin littafin da jarin da ake juyawa, amfanin kuma shi ne ribar kowane bugu. Idan malam ya rubuta takardar waƙafi a gaban shaidu, lauya ya kuma tsara ta yadda dokar ƙasa za ta karɓa, aka bayyana cewa haƙƙin littafin ya zama na marayu kuma ƙungiya mai kula ce kawai, aka faɗi inda zai koma idan ƙungiyar ta rushe, to ko shugabanci ya sauya, ko magada sun taso, littafin yana nan a inda aka ajiye shi. Da wannan takarda a hannu ba ma sai kun buga da kanku ba. Kuna iya ba ƙwararren mawallafi lasisin bugu na wasu shekaru, shi ya zuba jarinsa ya ɗauki haɗarin, ku kuma ku karɓi kaso a kowane kwafi. Abin da za ku samu a kowane littafi ya fi ƙanƙanta, amma ba ku taɓa yin asara. Ga ƙungiyar da ba ta da sito, ba ta da mai rarrabawa, ba ta da akawu na dindindin, wannan ita ce hanyar da nake fifitawa.

Cewa haƙƙin littafi guda yana iya ciyar da aikin jinƙai na tsawon zamani ba hasashe ba ne. A 1929 marubuci J. M. Barrie ya ba asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan haƙƙin labarinsa na Peter Pan, kuma a 1988 majalisar dokokin Birtaniya ta sa wani sashe na musamman a dokar haƙƙin mallaka domin asibitin ya ci gaba da karɓar kaso a ƙasar ba tare da wa'adi ba. Littafin ba na addini ba ne, kuma ba kowane littafi ke samun irin wannan karɓuwa ba, amma tsarin shi ne dai wanda nake bayani.

Wata 'yar magana a gefe: kada kyautar da wannan malami ya yi ta zama ƙa'idar da za ku ɗora wa duk wanda ya zo bayansa. Marubuci da mai tace rubutu da mai fassara suna da iyali, kuma ƙungiyar da ke son aiki mai kyau a kan lokaci sai ta biya. Aikin da aka yi don kunya yakan zo a makare, kuma ba ka da bakin cewa a sake.

Ingancin littafin kansa ba abin wasa ba ne, kuma a littafin addini kuskure ya fi tsada. Wasali ɗaya da ya sauya wuri a cikin aya, ko hadisi da aka jingina wa wanda bai ruwaito shi ba, ya isa ya sa a janye bugu gaba ɗaya. Ayoyi a ɗauko su daga rubutun Mus'hafi da aka tantance, kada a buga su da hannu, sannan mahaddaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kan samfurin ƙarshe da maɗaba'a ta fitar, domin sau da yawa rubutun Larabci yana wargajewa ne a lokacin da aka mayar da shi daga wata kwamfuta zuwa wata, haruffa su rabu ko layi ya juya. Wani malami dabam, wanda ba ɗalibin marubucin ba kuma ba ya jin nauyinsa, ya karanta littafin tun daga farko har ƙarshe. Ku tuna kuma cewa mai saye don tausayi sau ɗaya yake saye. Zai karɓi kwafi ya ajiye a kan kabad domin an ce na marayu ne, amma ba zai dawo ya saya wa ɗan'uwansa ba sai littafin ya amfane shi. Shi ya sa littattafan da ke ɗorewa su ne waɗanda ake bukata kullum: na koyar da yara, na hukunce-hukuncen ibada a sauƙaƙe, na addu'o'i, na zaman aure da tarbiyya. Ta wannan fuska maudu'in malaminku yana da kasuwa.

Idan nan gaba kuka so buga tsofaffin littattafan magabata, ku sani matanin asali ba shi da mai haƙƙi a yanzu, amma tahƙiƙin da wani ya yi masa, wato aikin tantance shi da tace shi, da sharhi, da fassara, da tsarin shafukan wata maɗaba'a, duk suna iya zama da masu su. Ɗaukar hoton bugun wani a sake bugawa da sunan sadaka cin haƙƙi ne, kuma ba a ciyar da maraya da haƙƙin wani.

Ku ma za a yi muku. Idan littafin ya karɓu, wani zai ɗauki hotonsa ya watsa a WhatsApp da Telegram, yana ganin lada yake nema, wani kuma ya buga na jabu a takarda marar kyau ya sayar da rabin farashi. Na biyun ɓarawo ne, a bi shi ta hanyar doka da ta 'yan kasuwar littattafai. Na farkon kuwa galibi jahilci ne, kuma jan kunne a rubuce a shafin farko, da ke bayyana cewa haƙƙin littafin waƙafi ne na marayu, yana hana mutane da yawa masu tsoron Allah. Wasu mawallafa sukan saki babi ɗaya ko biyu kyauta da kansu, wasu su fitar da bugu mai araha kusa da mai tsada domin su toshe wa mai jabu kasuwa. Idan kuma wani mai hali ya ce zai sayi kwafi ɗari biyar a raba kyauta, ku karɓa da hannu biyu, ku sayar masa a farashin sari, a buga hatimin "waƙafi ne, ba na sayarwa ba" a kan kowanne, a kuma kai su inda mutane ba su da halin saye. Idan aka raba su a inda kuke sayarwa, kun kashe kasuwarku da hannunku.

Gyara na uku shi ne abin da za a rubuta a bango. Jimlar da aka saba gani, "ribar wannan littafi ta marayu ce", tana da daɗin ji amma ba ta ɗaure kowa ba, domin riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kashe-kashe, kuma wanda ke riƙe da littafin lissafi shi ke yanke abin da ake kira kashe-kashe. Mai saye yana zaton yawancin kuɗinsa marayu za su ci, alhali a lissafinmu na sama 10 ce cikin 100, in an yi sa'a. Barin sa cikin wannan zato wani nau'i ne na ruɗi a ciniki. Abin da ya fi shi ne a faɗi adadi tsayayye: daga kowane kwafi da aka sayar, kaza yana shiga asusun marayu, ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma a sa wannan adadi cikin lissafin farashi tun farko kamar yadda ake sa kuɗin takarda. A Ingila dokar ƙungiyoyin jinƙai ta 1992 ta wajabta wa ɗan kasuwar da ke talla da sunan wata ƙungiyar jinƙai ya bayyana adadin ko kason da zai kai gare ta, jihohi da dama a Amurka ma suna da makamanciyar wannan doka. Ko a ƙasar da doka ba ta tilasta ba, amana ta tilasta.

Ta fuskar hukuma, ku binciki abin da dokar ƙasarku ta ce a kan kasuwancin ƙungiyoyin da ba na riba ba, domin rajistar jinƙai ba ta nufin an yafe haraji a kan duk wani ciniki. A Amurka an yi shari'o'i biyu da suka shahara a kan wannan batu. A 1961 kotu ta hana wata maɗaba'ar littattafan makarantun Lahadi na coci mai suna Scripture Press matsayin wadda aka yafe wa haraji, saboda ta ga cinikin ya rinjayi aikin koyarwa nesa ba kusa ba, kuɗi kuma suna ta taruwa. A 1984 kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta mayar wa kamfanin Presbyterian and Reformed Publishing nasa matsayin, tana mai cewa bunƙasar ciniki ita kaɗai ba ta isa hujjar cewa manufar addini ta gushe ba. Abin da mahukunta ke dubawa shi ne inda kuɗin ke tafiya da kuma ko akwai rubutacciyar shaida. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa sukan kafa wani ƙaramin kamfani na dabam da zai riƙe harkar ɗab'i, da asusunsa da littafin lissafinsa, ya riƙa miƙa wa uwar ƙungiya abin da ya samu. Fa'idar wannan ita ce idan cinikin ya faɗi, masu bin bashi ba su da hanyar kaiwa ga kuɗin marayu.

Da ni ne a kujerarku, zan fara da takardar waƙafin, in sa a tace littafin a duba shi, sannan in kai shi ga mawallafa biyu ko uku in ji abin da za su bayar. Idan babu wanda ya karɓa da sharaɗi mai kyau, sai a tara jari na dabam a buga kwafi kaɗan, gwargwadon abin da makarantu da 'yan ƙungiya suka riga suka yi alkawarin ɗauka, da ɗan ƙari a kai. Mutum ɗaya ya riƙe sito, wani dabam ya riƙe kuɗi, kowane kwafi da ya fita, har wanda aka ba baƙo kyauta, a rubuta shi da sunan wanda ya ba da izini. Bayan shekara a kirawo mai binciken kuɗi daga waje ya ƙirga abin da ya rage a sito, ya gwada da rasit, a karanta sakamakon a gaban 'yan ƙungiya: kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa ke hannun kantuna ba a biya ba, nawa ya shiga asusun marayu. Idan bugun farko ya ƙare cikin shekarar kuma kuɗinsa sun dawo hannu, a sake bugawa a kuma fara neman littafi na biyu. Idan rabinsa na nan a kwali, a dakata da maganar zama mawallafa, a sayar da ragowar ko da a farashin bugu ne, a mayar wa masu rance kuɗinsu.